Sandar da Aka Kankare

Dubu arba'in da bakwai da ɗari biyar nake bin Mato mai shayi, wanda teburinsa yake bakin tashar 'yan acaɓa a nan Karmo. Kuɗin ƙwai ne da sukari da madarar gwangwani, na wata uku. Shi ya sani, ni na sani, kasuwa ma ta sani.

Sunana Safara'u. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Shekara ashirin da 'yan kai ina sayar da kayan masarufi a Karmo, kuma rabin cinikina bashi ne, don mutanen nan leburori ne da masu abinci, sai an biya su suke biya. Da can da gawayi nake zane a bangon ɗakina, kowa da layinsa. Shekarar da aka yi mana rusau, katafila ta zo da hantsi, kafin azahar bangon ya zama ƙasa, da bashin mutum talatin a jikinsa. Tun ranar na ce ba zan ƙara ajiye lissafi a jikin abin da ba zan iya ɗauka in gudu da shi ba. Sai na koma kan sandar maigidana.

Sandar ta girme ni. Icen kanya ce. Mahaifin maigidana ne ya sare ta a dajin Jibiya, zamanin da ake kora shanu Kudu da ƙafa. Da ita yake gwada zurfin rafi kafin shanu su shiga, da ita yake rataye buzu da goran ruwa a kafaɗa. Da ya rasu ta dawo hannun ɗansa, Malam Ɗangoggo, Allah ya jiƙansa, shi kuma ya taho da ita Abuja lokacin da garin nan duk rami ne da tarin yashi. Gadi ya yi a wuraren gini. Macizan da sandar nan ta kashe ba su ƙirguwa, amma mutum ɗaya tak ta taɓa duka, ɓarawon siminti, shi ma a ƙwauri. Da ita muka auna filinmu na farko, sanda goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance. Wata sallar layya liman ya manto tasa a gida, ita ya riƙe ya yi huɗuba. Da Malam ya rasu ƙannensa suka ce sanda gadon maza ce. Na ce su ɗauki keke da rediyo da agogon, su bar min itace. Suka yi ta murna sun cuci bazawara.

Ga yadda nake aiki da ita. Wanda ya ci bashi, da hannunsa yake yanka, da 'yar wuƙata, ina riƙe da kan sandar. Gajeriyar tsaga dubu ɗaya, doguwa dubu biyar, ɗan huji ɗari biyar. Kowa da wurinsa, kuma kowa ya san maƙwabcinsa na sama da na ƙasa. Ran da mutum ya biya, a gabansa nake kankare tsagarsa. Doka biyu ce kawai, yaron goye ma a kasuwar nan ya san su: abin da ke jikin sanda ba a musu, abin da aka kankare an biya. Ni ma dokar ta hau kaina. Na taɓa ba wani jarkar manja ina cikin hayaniya, na manta ban sa ya yanka ba. Ina ganinsa yana wucewa kullum har ya bar garin, ban buɗe baki ba.

Yanka da kankara, yanka da kankara, sandar ta rame a tsakiya, ta yi tabo ta ko'ina. Ni ban taɓa ganin muninta ba. Ɗana ne ya gani.

Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ku ce Baban Nabilah yadda kowa yake cewa. Ma'aikacin ofis ne a cikin gari, gidansa a Kubwa. Yaron kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, sai dai tun da ya fara ɗaura igiya a wuya bai ƙara zama a shagona ya kai awa ɗaya ba. Ya taɓa sayo min littafi mai layi-layi ya ce in riƙa sa wani yana rubuta min. A zatonsa tun ranar na daina yanka. Littafin yana nan, shi ya tokare ƙafar teburina da ke rawa. Ya kuma taɓa sayo min sandar ƙarfe irin ta asibiti, mai ƙafa huɗu kamar akuya. Ita kuma a kanta nake shanya tsumma.

Da bikin Nabilah ya zo, na tafi Kubwa saura kwana huɗu. Ina shiga falo ya dubi hannuna.

Ya ce, "Inna, da wannan za ki shiga wurin taron?"

Na ce, "A'a, goya ni za ka yi."

"Dangin mijin manyan mutane ne, Inna."

"Na gan su ran sa rana. Kowanne da kwagiri mai kan azurfa, ba mai ɗingishi ko ɗaya. Su na ado suke riƙewa, ni tawa aiki take yi."

Ya yi dariya ya bar maganar. Washegari aka ƙunsa min lalle, hannu da ƙafa duk a cikin leda, ina zaune kamar kayan da aka ɗaure za a kai tasha. Sai ga shi ya ɗauki sandar daga jikin bango, ya ce robar gindinta ta cinye, bari a sa sabuwa kada in zame a kan tayil. Robar kuwa ta cinye. Na ce robar kawai. Ya ce to.

Kwana biyu ban ga sandata ba, hidimar biki ta ɗauke min hankali. Ranar ɗaurin aure da safe ya shigo da abu a naɗe cikin jarida, yana murmushi har kunne. Na warware. Sanda ce baƙa, sumul, tana ƙyalli kamar an lashe ta, da zoben tagulla a wuya. Na shafa daga sama har ƙasa. Ko tsaga ɗaya babu. Bashin mutum arba'in da ɗaya, sama da dubu ɗari shida.

Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba, gida cike da baƙi. Na ce ya kai ni wurin wanda ya yi aikin. Kafinta ne a bayan layinsu, Bartholomew, wani dogo mai fensir a kunne. Yana ganina da sandar ya taso da fara'a.

"Mama, ya yi kyau ko? Oga ya ce in yi shi fine. Na ga kamar ɓera ya ci shi ko'ina, sai na sa sanfefa. Kwana biyu ina goge shi, ban karɓi extra ba."

Na ce, "Ɓerayen nan arba'in da ɗaya ne, ɗana, kowanne na san sunansa da na uwarsa."

Da Baban Nabilah ya fahimci abin da nake nufi, sai ya nemi benci ya zauna. Bartholomew ya ɗora hannu biyu a ka, yana ta "Sorry Mama, wallahi ban sani ba." Na ce ya sauke hannunsa, aikin da aka sa shi ya yi, kuma hannunsa yana da kyau. Na dogara abata muka tafi wurin biki. Mata uku ne suka tambaye ni ko daga Saudiyya aka kawo min ita.

Labari ya riga ni isa Karmo, don akwai matan kasuwa da suka je bikin. Ranar Litinin ina buɗe shago sai ga Mato, ya zo ɗaukar kiret biyu na ƙwai, da kuɗinsa a hannu. Wannan kaɗai ya isa in gane, don Mato bai taɓa zuwa da kuɗi a hannu ba.

Ya ce, "Hajiya, an sha biki. Ina ganin sanda ta yi sabon aure ita ma."

Na ce, "Ta yi. Sai dai ba ta manta tsofaffin samarinta ba. Yaushe zan ga na wata ukun nan?"

"Wane na wata uku?"

"Mato."

"Hajiya, ni fa mai bin doka ne. Nuna min a jikin sanda. Ba ke kika ce abin da aka kankare an biya ba? Bara da na ce na ba ki dubu uku kin manta, me kika ce min? Kika ce sanda ba ta mantuwa. To ga sanda nan, tambaye ta."

Da ƙarfi yake magana don masu shagunan gefe su ji, kuma sun ji. Na ga wasu suna sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa, cikinsu har da waɗanda suke da wuri a jikin sandar. Nan na gane ba kuɗin Mato kaɗai ke kan faifai ba. In ya wuce da wannan, mutum arba'in suna bayansa.

Magana ta kai wurin Alhaji Muktar, shugaban 'yan kasuwarmu, mutumin Zariya mai sayar da hatsi. Bayan azahar ya tara mu a rumfarsa, mutane suka cika har bakin kwata. Ya saurari Mato, ya saurare ni, ya juya sandar a hannunsa yana dubawa ko wani abu ya tsira. Sannan ya ce, "Hajiya, duk mun san kanki ya fi littafi. Ki faɗi abin da kike bin kowa, wanda ya yarda ya biya, wanda ya musa ya rantse. Haka shari'a ta ce."

Gaskiya ne, duk suna kaina. Ko a barci aka tashe ni zan jero su, da ranar da aka ɗauka da abin da aka ɗauka. Amma shekara nawa ina gaya wa mutanen nan ba kaina ke bin su ba, hannunsu ne ke bin su? Shi ya sa ba a taɓa jin Safara'u ta yi ƙari ba. In yau na karɓi kuɗi da ka, gobe duk wanda aka matsa wa sai ya ce tsohuwa ta ruɗe. Kuma ba zan tsaya ina kallo a miƙa wa Mato Alƙur'ani a kan ƙwai ba. Na san zai rantse, kuma 'ya'yansa biyar.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma Mato ya fi ka gaskiya yau. Dokata ce, ban janye ba. Abin da babu a jikin sanda ba na tambaya. Ba na bin kowa komai a kasuwar nan."

Alhaji ya ce, "Hajiya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Jarinki ne gaba ɗaya."

"Na sani. Sanda za ta wuni a kan bencin ƙofar shagona daga safe zuwa magariba, da wuƙa a gefenta. Ba zan kira kowa ba, ba zan aika wa kowa ba. Wanda hannunsa ya tuna wani abu, ya san hanya."

Na karɓi abata na fita.

Ranar farko ba wanda ya zo. Masu sayen maggi na hamsin ma sai su tsaya nesa da bencin kamar an ajiye maciji. Na zauna ina tsince wake ina lissafin abin da zan gaya wa mai kawo min ƙwai daga gona ranar Juma'a.

Rana ta biyu da safe sai ga Janet mai abinci, 'yar Filato, wadda ke dafa wa leburori shinkafa da wake. Ta ajiye bokitinta, ta ɗauki sandar tana jujjuyawa.

"Mama, wurina ina ne ma? Yanzu duk ya zama ɗaya."

"Taki biyu daga ƙasa. Ƙarƙashin Rabi'atu mai ƙosai."

"Kai, wannan abu ya yi santsi. Riƙe min kan." Na riƙe. Ta yanka dogaye huɗu da gajeru biyu, tana cije leɓe, don man ƙyallin da aka shafa ya sa wuƙar tana zamewa. Ta hure garin itacen, ta ɗaga murya yadda har 'yan acaɓa za su ji: "Ni dai ban iya cin abinci da kuɗin tsohuwa ba, cikina ba ya ɗauka."

Kafin la'asar mutum shida sun yanka. Rabi'atu ta zo tana mita wai Janet ta ci mata wuri. Wani birkila ya yanka ya zarce da dubu ɗaya, na ce ya dawo, na kankare ƙarin a gabansa. Wani tela kuma ya rage dubu biyu, yana yanka yana satar kallona. Abin da ya yanka shi ya biya, amma daga ranar in ya zo neman bashi sai ya tarar kayan sun ƙare. Cikin kwana tara mutum arba'in suka yanka. Wurin Mato yana can sama, daidai ƙarƙashin zoben tagulla, faɗin tafin hannu. Masu yanka suka riƙa tsallake shi da kansu, ba wanda ya ce su yi. Sanda ta koma tabo ta ko'ina, sai wurin nan kaɗai yana ƙyalli. Duk baƙon da ya zo sayayya sai ya tambaya me ya sa nan ba a taɓa ba. Ni kuwa ba na ƙarya. Sai in ce wurin Mato ne.

Ranar Asabar Baban Nabilah ya zo, ya ajiye motarsa can bakin titi ya tako cikin caɓi da takalminsa mai tsada. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ciro ambulan.

"Inna, laifina ne. Ga na mai shayin nan, cif. Ki bar maganar haka."

Na ce, "Kai ka soya ƙwan?"

"Inna, kuɗi ai kuɗi ne."

"A ofishinku. Nan kowane kuɗi da sunan mai shi. In na karɓi naka, na koya wa Karmo cewa wanda ya fi kowa baki sai ɗan Safara'u ya biya masa. Mai da abinka, ka saya wa amarya tukunya."

"To ni me zan yi in wanke kaina?"

Na nuna masa buhun sukari na ce ya ƙulla min na ɗari bibbiyu, hannuna yana ciwo. Ya naɗe hannun riga ya zauna. Ƙullinsa duk ya fi ƙa'ida, sai da na bi na rage, amma ya kai har la'asar.

Shi kuwa Mato, abin da ya shuka bai jira damina ba. Shi ma yana ba 'yan acaɓa shayi bashi, da alli yake rubutawa a jikin allon teburinsa. Wata safiya ya juya zai ɗauko burodi, wani ya sa gwiwar hannu ya share layinsa, ya ce, "Mato, an kankare, an biya." Tasha ta ɗauki dariya. Daga nan ya zama abin wasa, kowa ya sha shayi sai ya ce a kankare masa. Ya koma rubutu a takarda yana ɓoyewa a aljihu. Masu shagunan da ya koma sayen ƙwai wurinsu kuma suka ce kuɗi hannu, su ba su da sanda balle a goge.

Sati uku ya yi yana zagayawa ta bayan masallaci don kada ya bi ta ƙofata. Wata Laraba, ana tsakiyar sallar la'asar layin ya yi shiru, sai ga shi da baƙar leda. Ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya shigo har ciki ya ajiye ta a kan teburi.

"Hajiya, ga shi. Ki ƙirga, ya cika."

Ban taɓa ledar ba. Kuma ina bukatarta, don tun da abin nan ya faru na rage ƙwan da nake ɗauka, mai gona har ya fara kai wa wata a Gwagwa.

Na ce, "Na mene ne?"

"Haba Hajiya. Kin sani."

"Ni ban san komai ba. A gaban Alhaji Muktar ka ce an biya, na ce ka yi gaskiya. Sadaka ka kawo min? Ban kai nan ba tukuna."

"To ba ni wuƙar in yanka, ki kankare, a wuce wurin."

"Yanzu? Da wa ya gani? Da ka zo musu ba ka jira an tafi masallaci ba, Mato. Sai da ka tabbatar mai gyaran waya na ƙarshen layi ya ji ka. Gobe da ƙarfe takwas, lokacin da Janet da Rabi'atu suke zuwa awo, ka zo ka yanka yadda kowa ya yanka. Ka biya, in kankare, in ba ka kiret biyu bashi a take in kana so."

"So kike ki tozarta ni. Ina da iyali, Hajiya. Na girmi a yi min haka."

"Mutum arba'in sun yi, ba wanda hularsa ta faɗi."

Ya tsaya yana kallon sandar a kan benci. Har ya miƙa hannu ya taɓa wurin nan mai santsi da ɗan yatsa. Sai muka ji liman ya yi sallama, takalma suka fara ƙara a bakin masallaci. Ya fizgi ledarsa ya cusa a aljihu.

"Ke dai ba kya tsufa da hali," in ji shi.

Na ce, "Takwas nake buɗewa."

Bai zo washegari ba, bai zo jibi ba. Ranar Juma'a mai gona ya zo, na ɗauki kiret goma maimakon ashirin, na biya shi da abin da ke hannuna. Da ya tafi na wasa wuƙar a bakin dakali, na mai da ta kan benci kusa da sandar.